DARASIN WANNAN WATA: Yadda Kano Pillars Ta Ci Gasar Ƙasa a Kakar 2007/2008

Darasinmu na wannan wata a kan ƙwallon ƙafa yake. Wani zai ce, me ya haɗa manomi da tamaula? To, ai a ƙasar Gwandu da ta Kalgo da wuya ka sami garin da ba shi da fili mai sanduna biyu a kowane gefe. Da an idar da sallar la'asar sai ka ga samari sun nufi can. Ranar Asabar da Lahadi kuwa gidajen kallo cike suke, daga Kambaza har Diggi. Yaro zai lissafa maka 'yan wasan Chelsea da na Arsenal ɗaya bayan ɗaya, babu tuntuɓe. Amma tambaye shi wa ya ci gasar Nijeriya a shekarar 2008, sai ya hau sosa ƙeya.

A shekarar 2008 ne Manchester United ta doke Chelsea a birnin Mosko, ta ɗauki kofin Turai. Wannan kam da yawa suna tune da shi. A shekarar nan dai kuma Kano Pillars ta zama zakarar ƙasarmu karo na farko. Wannan kakar wasa ita za mu duba. Da ita za mu koyi yadda gasar lig take tafiya, da yadda ake karanta teburinta. Kowa ya tanadi fensir da takarda, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Lig daban, kofi daban

Gasar ƙwallo iri biyu ce. Akwai wadda ake kira sili ɗaya ƙwale. Ita wannan kamar kokawa take a dandali. Wanda aka kayar ya fita ke nan, sai baɗi. Irinta ce gasar da iyayenmu suka sani da suna Kofin Ƙalubale, wadda aka fara tun 1945. A cikinta ƙaramar ƙungiya tana iya ba da mamaki. Mu ma nan mun shaida. A shekarar 2024 Kebbi United ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wannan kofi, kafin El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta fitar da ita.

Iri na biyu shi ne lig. A lig ba a fitar da kowa don an ci shi yau. Kowace ƙungiya sai ta kara da kowace sau biyu. Sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawarta. Ana tara maki mako bayan mako. A ƙarshen kaka wadda ta fi maki ita ce zakara. Wato lig kamar noman damina yake. Ba a auna manomi da aikin yini ɗaya. Sai an yi girbi a ga dami nawa ya shiga rumbu.

An fara lig na ƙasa a Nijeriya a shekarar 1972. Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye shi. A 1978 Raccah Rovers ta kai shi Kano. A wancan zamani yawancin 'yan wasa ma'aikata ne. Wani a kamfani yake, wani a ma'aikatar gwamnati, ƙwallo kuma abin yi ne na yamma. Sai a shekarar 1990 aka kafa lig na ƙwararru. Ƙwararre a nan shi ne wanda ƙwallo ce sana'arsa. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da iyali, kamar yadda maƙeri yake da maƙera. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ce ta ci kakar farko. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da ita.

A wannan shekara ta 1990 aka kafa Kano Pillars. An haɗa ƙungiyoyi uku ne na birnin Kano suka zama ɗaya: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Kirarinta shi ne Sai Masu Gida. Jiharmu ta Kebbi ƙanwarta ce da shekara ɗaya, tun da ita a 1991 aka cire ta daga jihar Sakkwato. Pillars ta yi shekara 18 tana fafutuka kafin ta ci lig. In kuma aka ƙirga daga nasarar Raccah Rovers, shekara 30 cif Kanawa suka yi suna jira.

Ƙungiya 20, wasa 38

An fara kakar a cikin 2007, aka gama a 2008. Shi ya sa ake rubuta ta 2007/2008. Ƙungiyoyi 20 ne suka shiga. Daga kudu akwai irin su Enyimba ta Aba, da Rangers ta Inugu, da Heartland ta Owerri, da Bayelsa United, da Bendel Insurance ta Binin. Daga arewa akwai Pillars, da Gombe United, da Niger Tornadoes ta Minna, da Lobi Stars ta Makurɗi, da maƙwabtanmu Zamfara United. Jihar Kebbi ba ta da wakili a cikin ashirin ɗin nan.

To, ga lissafin farko. In ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana da abokan karawa 19, domin ba ta wasa da kanta. Za ta gamu da kowace sau biyu. 19 sau 2 ya ba da 38. Ke nan kowace ƙungiya ta buga wasa 38, rabi a gida, rabi a waje. In aka haɗa wasannin kakar gaba ɗaya, 20 sau 19 ne, wato 380.

Maki kuwa ga yadda ake ba da shi. Wanda ya ci wasa yana da maki 3. In an yi kunnen doki, wato canjaras, kowa ya sami maki 1. Wanda aka ci ba shi da komai. A da can maki 2 ake ba wanda ya ci a yawancin ƙasashe. Ingila ce ta soma ba da 3 a 1981, aka kuma yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1994. Dalilin shi ne a hana ƙungiyoyi taruwa a bakin raga suna neman canjaras kawai.

Bari mu ga amfanin wannan da misali. Misali ne kurum, ba labari ba. Ƙungiyoyi biyu sun buga wasa goma-goma. Ta farko ta ci 6, aka ci ta 4. Makinta 6 sau 3, wato 18. Ta biyu ba wanda ya taɓa cin ta. Ta ci 3, ta yi canjaras 7. Makinta 9 a tara da 7, wato 16. Kun gani? Wadda aka lallasa har sau huɗu ita ce a sama. Wadda take taƙama ba a taɓa kai ta ƙasa ba tana biye. Gardama da yawa da ake yi a teburin mai shayi, da an yi wannan ɗan lissafi da ta mutu tun kafin shayin ya huce.

Yadda ake karanta tebur

Teburin gasa shi ne jadawalin da ake bugawa a jarida, ko a nuna a talabijin, ko a gani a waya. Sunayen ƙungiyoyi suna jere daga sama zuwa ƙasa. A can sama kuma akwai wasu haruffa. Haruffan nan su ne ke tsorata mutane, alhali ba su da wuya.

Harafin P yana nufin wasannin da aka buga. W shi ne waɗanda aka ci. D shi ne canjaras. L shi ne waɗanda aka sha kashi. In ka haɗa W da D da L dole su ba ka P. In ba su ba ka ba, to mai rubutun ya yi kuskure. Sai GF, wato ƙwallayen da ƙungiya ta zura a ragar wasu. GA kuma waɗanda aka zura mata. In ka ɗebe GA daga GF, abin da ya rage shi ne GD, wato rarar ƙwallaye. A ƙarshen layi akwai Pts. Wannan shi ne maki, shi ne kuma uban tafiya.

Mai karatu ya sa yatsa a kan sunan ƙungiya, ya bi layin a hankali daga hagu zuwa dama. Kada ido ya zame zuwa layin ƙasa. Wasu sukan aza tsinke ko gefen takarda a ƙarƙashin layin. Dabara ce mai kyau.

Rarar ƙwallaye tana da amfani ne ranar da ƙungiyoyi biyu suka yi daidai a maki. Wadda ta fi rara ita ce gaba. A nan ne kuma masu son zuciya suke shigo da maguɗi. A watan Yuli na 2013 an yi wani abin kunya a ƙaramin rukuni. Ƙungiyoyi biyu suna neman hawa sama, makinsu kuma ɗaya. Sai aka ji Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema. A lokaci guda kuma Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Wasa minti 90 ne. Ku raba 90 da 79 ku gani. Kusan kowane minti ƙwallo na shiga raga ke nan. Ko babu gola a bakin ragar, ɗauko ƙwallo a mayar da ita tsakiya ma yana cin lokaci. Duniya ta yi mana dariya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasan da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har iyakar rayuwarsu.

Ina Pillars ta samo makinta?

Yanzu mu koma kan kakarmu. Babban abin da ya kai Pillars ga nasara shi ne gida. A duk kakar nan babu ƙungiyar da ta je gidan Pillars ta ci ta a lig. Ba ma wannan kaka kaɗai ba. Tun daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 ba a ci Pillars a gida a wasan lig ba. Wasa 202 ke nan a jere, cikin shekara 12. Nasarawa United ce ta karya wannan ƙofa da ci 2 da 1. Ashe kirarin Sai Masu Gida ba a banza aka yi shi ba. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da ya cika, ya san abin da baƙo yake ji a ƙirjinsa.

Amma a lura da kyau. Wasan gida 19 ne. Ko ƙungiya ta cinye su duka, makinta 19 sau 3 ne, wato 57. Makin da ke cikin kaka gaba ɗaya kuwa 38 sau 3 ne, wato 114. Ke nan rabin dukiyar tana waje. Kuma a lig ɗin Nijeriya na waɗannan shekaru ba Pillars kaɗai ke da ƙarfi a gida ba. Kusan kowa zaki ne a gidansa. Hatta ƙungiyar da ke can ƙasan tebur takan cinye yawancin wasanninta na gida. To, in kowa ya ci a gida, me zai raba su? Sai ɗan abin da aka tsinto a waje. Canjaras ɗaya a Aba. Canjaras ɗaya a Inugu. Nasara ɗaya a wani gari da ba a zata ba. Maki ɗai-ɗai ɗin nan da ake rainawa, su ne suke raba zakara da na biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Manomin fadama ya fi kowa gane wannan. Gero da dawa na damina kowa yana da su a rumbu. Abin da ke sa wani ya fi wani a ƙarshen shekara shi ne 'yar albasa ko shinkafar da ya wahala a kanta da rani, lokacin da wasu ke zaune a inuwa.

Me ya sa cin wasa a waje yake da wuya haka? Na ɗaya, tafiya. Ƙasarmu tana da faɗi. Daga Kano zuwa Fatakwal ko Yenagoa tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye. Mu da muke kukan gajiya in mun je Sakkwato mun dawo, sai mu auna. A mota ake yin yawancin tafiyar nan, a kan hanya mai ramuka. Ɗan wasa ya kwana a zaune, ƙafa ta kumbura, ya ci abincin da bai saba da shi ba, gobe kuma a ce ya yi gudun minti 90. Wanda ya saba da busasshiyar iskar arewa ya tarar da gumi da ruwan sama. Hanyar ma ba ta da aminci kullum. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun tare motar Pillars a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri. 'Yan wasa biyar suka ji raunin harbi. Cikinsu har da Gambo Muhammad, ɗan gaban da ya daɗe yana ci wa ƙungiyar ƙwallaye. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Na biyu kuwa, sai mun faɗi gaskiya ko da ɗaci. Alƙalin wasa mutum ne, yana da iyali, yana son ya koma gida lafiya. A filaye da dama a wancan lokaci babu isassun 'yan sanda, babu kuma na'urar ɗaukar hoto da za ta nuna wa duniya abin da ya faru. An sha dukan alƙalai. An sha jifan baƙi. Alƙalin da ya ga dubban mutane sun kewaye shi, hannunsa yakan yi nauyi in zai busa wa masu gida laifi. Wannan cuta ba ta kudu ba ce, ba ta arewa ba ce, ta ko'ina ce. A ganinmu ita ce ta fi komai rage wa lig ɗinmu daraja. Ita ce ta kori mutane da yawa daga filin wasa zuwa gidan kallo. Wannan bai rage wa Pillars komai daga nasararta ba, domin filayen da kowa ya bi ita ma su ta bi, ta kuma fi kowa tara maki. Sai dai mai karanta tebur ya san abin da ke bayan lambobin.

Wanda ya horar da Pillars a wannan kaka shi ne Kadiri Ikhana, mutumin jihar Edo. Ba baƙo ba ne a harkar. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ci kofin Afirka a Legas a 1980. Shi ne kuma ya jagoranci Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003, abin da wata ƙungiyar Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin nan. Ga wani abin mamaki. Lokacin da yake ɗan wasa, Bendel Insurance ya buga wa. Ita ce ta ci lig a 1973 da 1979. To, a kakar da Ikhana ya ɗaga kofi a Kano, a ita ce tsohuwar ƙungiyarsa ta faɗo daga babban rukuni. Sai a 2019 ta sake leƙo shi.

Wannan faɗowa tana cikin dokar lig. Tebur yana da kai, yana da wutsiya. A gasa mai ƙungiya 20, huɗun da suka zo ƙarshe ake saukarwa zuwa rukuni na biyu, wasu huɗu su hau. Saboda haka har ranar ƙarshe ba mai barci. Na sama na neman kofi, na ƙasa na neman tsira. Tsohon suna ba ya ceton kowa. Ita kanta Pillars ta faɗo a 2022, ta dawo a 2023.

Abin da nasarar ta jawo

Da aka rufe tebur, Pillars ce ta ɗaya. Heartland ta zo ta biyu, Bayelsa United ta uku. Heartland ɗin nan ita ce Iwuanyanwu Nationale da muka ce ku riƙe sunanta. Gwamnatin jihar Imo ce ta karɓe ta a 2006 ta sake mata suna. Ta ɗaya da ta biyu su ne suka wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka ta 2009.

A can ne Pillars ta gamu da Al Ahly ta Masar. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta kuma ci shi har sau shida kafin lokacin. Kowa ya ɗauka an gama. A Nijeriya aka tashi 1 da 1. A birnin Alƙahira aka tashi 2 da 2. In an haɗa, 3 da 3 ke nan. Amma dokar lokacin ta ce in an yi daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya wuce. Pillars ta zura 2 a Masar, Al Ahly ta zura 1 a Nijeriya. Sai Pillars ta wuce ba tare da ta ci wasa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kun ga dai abin da aka samo a waje ya sake yin rana.

Daga nan ta shiga rukuni tare da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan, da Zesco United ta Zambiya, ta kuma zo ta ɗaya. Sai wasan kusa da na ƙarshe ya haɗa ta da 'yar gida, wato Heartland. Nan tafiyar ta tsaya. Heartland ta ci 4 da nema a Owerri, ta kuma sake cin 1 da nema a karawa ta biyu. Ita ma Heartland ba ta ɗauki kofin ba. TP Mazembe ta Kwango ce ta ɗauka.

Akwai wata gardama da ake yawan yi, bari mu raba ta. Wasu sukan ce Ahmed Musa ne ya ci wa Pillars kofin 2008. Ba haka ba ne. Shi a kakar 2009/2010 ya yi tashe a Kano. Ya zura ƙwallo 18, ya wuce 17 da Ishaya Jatau ya zura a 1990. Duk da haka Pillars ta biyu ta zo a wannan kaka, Enyimba ce ta ci. A 2010 ya tafi ƙasar Holan. Pillars kuwa ta sake cin lig sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Ga samarinmu da iyayensu

Ba mu ce kada yaro ya yi burin zama ɗan ƙwallo ba. Sana'a ce, wasu sun ci abinci da ita. Amma a yi lissafi. Ko da kowace ƙungiya ta ɗauki mutum 35, ƙungiya 20 mutum 700 ke nan, a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Yawancin ƙungiyoyin nan kuma na gwamnatocin jihohi ne. An sha jin 'yan wasa suna kukan an yi watanni ba a biya su albashi ba. Ƙarfin ɗan ƙwallo ma ba ya daɗewa. Kafin ya kai shekara 35 yawanci ƙafa ta gaji. Rauni ɗaya a gwiwa yana iya tsayar da shi tun kafin nan. Saboda haka yaro ya riƙe makaranta da gona, ƙwallo ta zo ta uku.

In kuma Allah ya sa wata ƙungiya ta neme shi, to akwai takardar kwantiragi. A cikinta ake rubuta shekara nawa zai yi, nawa ne albashinsa, wa zai biya magani in ya ji rauni. Kada ya sa hannu, kada uba ya dangwala yatsa, sai an karanta ta daga farko har ƙarshe. In da Turanci take, a nemi wanda aka amince da shi ya fassara. A kuma karɓi kwafi a ajiye a gida. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da sa ko gona a ba shi kuɗi zai kai yaro Turai, a yi hattara da shi. Ƙungiyar gaskiya ita ke biyan ɗan wasa.

Shawararmu ta biyu ga masu shirya gasa ce a garuruwanmu. Kusan duk gasar da ake yi a nan sili ɗaya ƙwale ce. Ƙungiya ta yi wata guda tana atisaye, ta tara kuɗin riga, ta biya kuɗin mota, a ci ta a wasan farko, shi ke nan. Shi ya sa faɗa ba ya ƙarewa, domin wanda ya san in ya faɗi ba shi da gobe ba zai yarda da busar alƙali ba. Me zai hana a gwada lig bayan an gama girbi? Ƙungiya shida sun isa. A ce daga Gwandu, da Dalijan, da Malisa, da garuruwan da ke kusa da su. Ko kuma Kalgo, da Dangoma, da Zuguru, da maƙwabtansu. Kowace za ta buga wasa 10. Wasannin duka 30 ne. In ana yin uku kowace Juma'a da yamma, mako goma an gama, tun kafin zafin bazara ya tsananta.

Abin da ake bukata bai da yawa. A rubuta dokoki tun kafin a fara, kowane kyaftin ya sa hannu. A kawo alƙali daga garin da ba ya cikin wasan ranar. A sanar da hakimi ko mai gari. Sai a sami littafi guda mai layi, da mutum biyu masu riƙon amana da za su riƙa rubuta sakamako nan take a bakin fili. Kowane mako a zana tebur a babbar takarda, a manna a bakin kasuwa ko tashar mota, inda kowa zai tsaya ya duba da idonsa.

Aikin yi

A amsa waɗannan a aji, ko a gida tare da yara.

1. Ƙungiya ta buga wasa 12. Ta ci 7, ta yi canjaras 2. Sau nawa aka ci ta? Makinta nawa?

2. Wata ƙungiya ta zura ƙwallo 25, aka zura mata 18. Nawa ne rarar ƙwallayenta?

3. In ƙungiyoyi 8 ne a lig, wasa nawa kowace za ta buga?

4. A wace shekara aka kafa lig na ƙwararru a Nijeriya? Wace ƙungiya ce ta fara cinye shi?

5. Pillars da Al Ahly sun yi 3 da 3. Ka bayyana da bakinka dalilin da ya sa Pillars ta wuce.

6. Ka zana tebur mai layi shida. Ka rubuta haruffan P, W, D, L, GF, GA, GD da Pts a sama. Ka sa sunayen ƙungiyoyin da ke yankinku, ka kai wa malaminku ya duba.

Amsoshin lissafin za su fito a wannan shafi a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.